ƘARAMAR BINDIGAR TSOHON SOJA: YADDA ZA MU GANE ASALINTA DA DARAJARTA

 

A wasu gidaje na ƙasarmu akwai ƙaramar bindiga, wadda wasu ke kira libarba, wasu kuwa pistole, da aka gada daga uba ko kaka wanda ya yi sojan Faransa. Tana cikin adaka, naɗe da tsumma, tare da jar dara da lambobin girma. Dillalan kayan dā suna zaga ƙauyuka suna tambayar irin waɗannan abubuwa, har magana ta raba wasu magada: wannan ya ce a sayar, domin ya ji ana cewa kuɗinta ya isa gina gida; wancan ya ce ba za a taɓa ta ba, domin ta kaftin Voulet ce da kansa. To, kafin ƴan'uwa su ɓata da juna a kan ƙarfe, ya kamata mu san abin da ƙarfen nan ke iya faɗa mana, da abin da ba ya iya faɗa.

WA KE RIƘE DA ƘARAMAR BINDIGA A SOJAN NASARA?

Rundunar baƙaƙen sojoji da ake kira tirayar, gwamna Faidherbe ne ya kafa ta a Senegal cikin 1857. Ko da yake ana ce musu na Senegal, a cikinsu akwai Bambara, Mosi, Zabarmawa, Hausawa da sauransu. Daga 1919 aka kafa ɗaukar soja kowace shekara, aikin shekara uku, kuma dattawanmu ba su manta da yadda ake raba wa kowane mai gari adadin samarin da zai kawo ba. Daga cikin waɗannan samari wasu sun ga yaƙin Jamus na 1939 zuwa 1945, wasu Indoshin har zuwa 1954, wasu kuma Aljeriya.

Abin lura na farko shi ne, ƙaramin tirayar doguwar bindiga ake ba shi, da banati, da adda. Ƙaramar bindiga ta hafsoshi ce, da lajidan, da wasu masu aiki na musamman kamar masu harba bindiga mai ruwa. Ranar sallama kuma soja yana mayar da makamin gwamnati kafin a ba shi takardarsa. Saboda haka in an ce kakanmu ya dawo da libarba, sai mu tambaya: wane muƙami ya kai? Kyauta aka yi masa, ko ganima ce ya ɓoye a cikin kaya, ko kuwa saye ya yi bayan ya dawo? Wasu bindigogin ma ba ta hannun soja suka shigo gari ba. Sun biyo ta hannun gardi, ko tafinta, ko fatake masu zuwa Kano. Wannan tambaya ba raina kowa ba ce. Ita ce matakin farko na sanin gaskiya.

IRE-IREN DA AKA FI SAMU

Ƙananan bindigogi iri biyu ne. Akwai mai ganga, wato wadda harsashi ke zama cikin ramukan wata ganga mai juyawa. Akwai kuma mai kwanso, wadda ake tura kwanson harsashi ta ƙasan mariƙinta.

Cikin masu ganga, mafi tsufa ita ce samfurin 1873. Ma'aikatar makamai ta gwamnatin Faransa da ke garin Santetiyan ta ƙera fiye da 300.000 daga 1873 zuwa wajen 1887. Tana da nauyi, ramukanta shida, harsashinta milimita 11, kuma farin ƙarfe aka bar ta, ba a rina ta ba. Ƙanwarta ta 1874, wadda aka yi wa hafsoshi, ta fi ta sauƙin nauyi, an rina ta baƙi, kuma an yi wa gangarta kwari a jiki. Ita ba a ƙera da yawa ba, kamar 35.000.

Bayansu sai samfurin 1892, wanda ya fi kowanne yawo a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Shi ma ramuka shida, amma harsashi milimita 8, kuma an yi wajen 350.000 har zuwa 1924. Yana da alama guda da ba ta ɓuya: in an buɗe shi, gangar tana fita ta hannun dama, alhali galibin libarba na duniya ta hagu suke buɗewa. Ana cewa an yi haka ne saboda sojan doki, wanda takobi ke hannunsa na dama. Mutane da yawa na kiran ta Lebel, amma kanal Lebel ba shi da hannu a cikinta; sunan doguwar bindigar 1886 ne ya bi ta.

Da yaƙin 1914 ya yi zafi, ma'aikatun Faransa suka kasa wadatar da soja, sai gwamnati ta juya ga maƙeran garin Eibar na ƙasar Ispaniya. A 1915 ta ƙulla ciniki da kamfanin Gabilondo a kan wata ƙaramar pistole mai kwanso, sunanta Ruby, mai cin harsashi tara na milimita 7,65. Da farko 10.000 ake nema kowane wata, daga baya aka ɗaga har 50.000, sai kamfanin ya rarraba aikin ga ƙananan maƙera masu yawa. Faransa ta karɓi wajen 700.000. Daga Eibar ɗin kuma aka sayo libarba masu cin harsashin samfurin 1892, amma su gangarsu ta hagu take fita.

Na bayan nan su ne samfurin 1935, mai harsashi 7,65 dogo, da samfurin 1950 mai milimita 9, wanda aka fara ƙerawa cikin 1953. Wanda ya yi Aljeriya zai iya sanin wannan na ƙarshe. In kuwa bindiga tana karyewa biyu ta sama, kuma a jikinta akwai tambari mai kama da kan kibiya, to ta sojan Ingila ce, irin Webley.

YADDA AKE KARANTA ƘARFE

Bindigar gwamnati kamar ɗalibi ce a rajistar lakwal: tana da suna, da shekara, da lamba. Sai dai kafin a duba komai, a nemi tsohon soja ko jandarma ya tabbatar babu harsashi a ciki. Harsashin da ya shekara tamanin yana iya tashi. Bayan haka a shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa mai haske, a kira yaron da ya iya karatun boko, a bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, sunan ma'aikata. A samfurin 1873 da na 1892 za a ga an zana « Mre d'Armes St Etienne » a gefen dama, da rubutu mai lanƙwasa irin na hannu, sa'an nan a saman bututu an sa « Mle 1873 » ko « Mle 1892 ». A kula, wannan shekara sunan samfuri ce. Ba ita ce shekarar da aka ƙera wadda ke hannunka ba. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa.

Na biyu, shekarar ƙira. Tana gefen bututu, bayan harafin S, kamar a ga S 1896 ko S 1915. Kusa da wurin akwai ƙananan haruffa cikin da'ira, su ne hatimin manyan ma'aikata da suka duba aikin. Libarbar da ta yi kama da ta 1892 amma ba ta da waɗannan hatimai, to ta kasuwa ce. Maƙeran Beljika da na Faransa sun yi irinta da yawa don sayar wa kowa.

Na uku, lamba. Harafi ɗaya ne da lambobi a bayansa. A samfurin 1873 an buga lambar a kusan kowane ɓangare, ganga, bututu, har ƙananan ƙarafan ciki. In duk sun yi daidai, bindigar tana nan yadda ta fito. In ganga na da lamba dabam, an haɗa ta ne daga bindiga biyu. Ruby kuwa, da yake maƙeranta sun yi yawa, kwanson wannan ba ya shiga na waccan, sai aka sa kowane maƙeri ya buga haruffansa a bayan bindiga da kuma gindin kwanso. Na Gabilondo su ne GU. Haruffan sama da na ƙasa su zama ɗaya. Sau da yawa akan ga ƙananan taurari a ƙasan jikinta, kusa da bakin kwanso, alamar ta shiga hannun sojan Faransa.

Na huɗu, aikin gida. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce wajen ƙirar makami: tun zamanin sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, maƙeran Damagaram suna zuba igwa. Maƙerinmu yana iya sake kunama, ya sassaƙa mariƙi da itacen gida, ya sa ƙusa inda sukuru ya ɓace. Ana gane wannan da sawun magagari, da launin ƙarfe da ya bambanta. Mariƙin asali na 1892 itace ne mai zanen ƙananan murabba'i, da zobe a gindi inda ake ɗaura igiya. Ga mai saye, gyaran gida yana rage kuɗi. Ga mai neman tarihi kuwa, shaida ce cewa bindigar ta daɗe a hannunmu tana aiki.

Na biyar, hatimin ƙarya. Bindigogin da aka ba sojan ruwa suna da alamar anga, kuma da yake ba su da yawa, sun fi tsada. Don haka ake samun masu buga anga, ko mikiyar Jamus, a kan bindigar da ba ta da ita. Sabon bugu yana da kaifin baki, cikinsa na ƙyalli, alhali sauran rubutun ya lallashe da tsufa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sa'an nan ga gargaɗi babba: kada a goge ta da yashi ko toka, kada a kai ta wajen mai fenti. Gugar da za ta sa ta haske ita ce za ta cinye shekara da hatimi, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Ɗan man keke da tsumma mai laushi sun isa. Kada kuma a gwada harba ta ranar salla ko biki. Samfurin 1873 don baƙin albarushi na dā aka yi shi, ƙarfen da tsatsa ta ci kuwa yana iya fashewa a hannu.

MAGANAR VOULET DA TA JAMUS

Babu wanda ya kai Voulet yawan bindigogi a bakin mutane. Tarihin kuwa sananne ne. Rundunar kaftin Voulet da kaftin Chanoine ta ratso ƙasar nan cikin 1899, ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu cikin Afrilu, ta ƙone Birnin Ƙonni cikin Mayu, ta bar gawawwaki a rijiyoyi da ƙauyuka kango. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe kanal Klobb wanda gwamnati ta aiko ya tsayar da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu, suka kashe Chanoine, sa'an nan Voulet. Kaburburansu na Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

To, ga yadda ƙarfe ke yanke hukunci. Duk bindigar da shekarar ƙirarta ta wuce 1899 ba ta Voulet ba ce. Duk Ruby ba tasa ba ce, domin ya shekara goma sha shida a kabari kafin Faransa ta sayi ta farko. Saura wadda aka buga wa 1894 ko 1897: ita tana iya yiwuwa ta fuskar lokaci, amma dubban ƴan'uwanta ma haka, kuma irinta ta ci gaba da shigowa ƙasar nan a ɗamarar kumandan da lajidan har shekara hamsin bayan haka. Lamba ba ta ɗauke da sunan mai riƙo. Ƙarfe yana iya ƙaryata labari gaba ɗaya, amma ba ya iya tabbatar da shi shi kaɗai.

Haka batun bindigar Jamus, irin Luger ko P 38, da akan ce kaka ya ƙwace daga hannun hafsan Hitila. Yana yiwuwa, domin tirayar sun yi yaƙi a Faransa cikin 1940, sun kuma sauka gaɓar Provence cikin Agusta 1944. Amma a sani, bayan Jamus ta faɗi, Faransawa sun riƙe ma'aikatar Mauser ta garin Oberndorf, suka ci gaba da haɗa waɗannan bindigogi a 1945 da 1946 don sojansu, har aka kai su Indoshin. Irin waɗannan P 38 suna da ƙaramin tauraro na Faransa. Ke nan bindigar Jamus tana iya zama ta Saigon ta biyo. A Luger kuma a duba lambobi biyu na ƙarshe, an maimaita su a kan ƙananan ɓangarori. Wanda zai raba gardama shi ne littafin soja na mamacin: in ya nuna bai taɓa taka Turai ba, Indoshin ya yi, to magana ta ƙare.

MENE NE DARAJARTA?

Masu tara irin waɗannan kaya a Turai abu huɗu suke dubawa: ƙarancin samfurin, lafiyar ƙarfe da rininsa, daidaiton lambobi, da takardar da ke nuna hannun da ta bi. Mu auna namu da wannan mudu. Abin da aka ƙera 350.000 ko 700.000 ba abu ne mai wuyar samu ba; a Faransa kanta suna nan da yawa, waɗanda ba su taɓa ganin damina ko ƙurar hunturu ba. Tamu ta sha zufa da tsatsa, wataƙila maƙeri ya taɓa ta. Saboda haka wanda ya ce maka za ta gina gida, ko bai sani ba, ko yana da wata manufa. Samfurin 1874 da masu anga ta gaskiya sun fi sauran, amma su ma ba dukiya ba ce da za a raba zumunci a kanta.

Sai na huɗun, wato takarda, kuma a nan ne muke da abin da babu a kasuwar Turai. Littafin soja yana ɗauke da sunan mutum, da garinsu, da shekarar da aka ɗauke shi, da lambarsa, da bataliyarsa, da ƙasashen da ya je, da raunin da ya ji. In aka haɗa shi da lambobin girma, da hoto, da katin fansho, da abin da tsofaffi suka ji daga bakinsa, sai bindigar ta zama shaidar rayuwar mutum guda ɗan garinmu. In aka raba ta da su, ta koma ɗaya daga cikin dubu ɗari uku. Dillali ya san haka, shi ya sa yakan ce a haɗa masa da « tsofaffin takardun nan » kyauta.

Kada a ba shi. Mutanen nan an riga an ci haƙƙinsu sau ɗaya. Dokar Faransa ta Disamba 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da suka sami ƴancin kai, har ya zama tsohon soja na nan yana karɓar ɗan kaɗan daga abin da abokin ramin yaƙinsa Bafaranshe ke karɓa. Ba a daidaita ba sai a 2007 da 2011, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Takardun nan su ne hujjar gwauraye da marayu a ofishin tsofaffin sojoji, kuma da lambar da ke ciki ake neman fayil ɗin mutum a ma'ajiyar takardun soja ta garin Pau a Faransa. Wanda ya sayar da su ya sayar da sunan ubansa.

DOKA, DA ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

Tsufan bindiga ba ya fitar da ita daga hukuncin makami. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa doka ba. Kowa ya san halin da iyakarmu ta kudu ta shiga saboda ɓarayin shanu da masu satar mutane. Wanda ya sayar wa baƙo bindiga bai san hannun da za ta faɗa ba, kuma in ta yi ɓarna, sawu gidansa zai dawo. Ƴan'uwa ƴan ci-rani musamman, kada wani ya sa ta cikin kaya ya ce zai kai Kano ko Kwatano a yi mata kuɗi. A kan iyaka babu mai tambayar shekarar da aka ƙera ta. Rigakafi ya fi magani.

Ga shawarata, in dattawa sun yarda. Ƙungiya ta sayi babban littafi guda. Kowane gida da ke da tsohon soja, da bindiga ko babu, ya kawo takardunsa a kwafe suna, lamba, bataliya da shekaru, a ɗauki hoto, a mayar wa masu su a ranar. Inda akwai bindiga, a rubuta duk abin da ke jikinta harafi da harafi, a ɗauki hotonta ta gefe biyu, a kuma rubuta labarin da gidan ke bayarwa yadda suka faɗe shi, tare da sunan wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Ko labarin bai dace da ƙarfe ba, a rubuta duka biyun, na baya su gani. Bayan haka mai gida ya tafi tare da mai gari wajen jandarma a bayyana ta, a bi abin da doka ta ce. Wadda ta cika sharuɗɗa, lambobinta daidai, takardunta cikakku, ƙungiya ta nemi a ajiye ta a gidan tarihi na ƙasa Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa tun 1959, da sunan mai ita da sunan garinmu a rubuce a gefenta.

Wannan aiki ba ya jira. Tsofaffin da suka zauna da waɗannan sojoji suka ji daga bakinsu suna raguwa kowace shekara, gara kuma ba ta jin tausayin takarda. Ɗaliban babban aji a shirye suke su yi aikin kwafi lokacin hutu. Wanda ke nesa kuma yana da littafin mahaifinsa a wurinsa, ya aiko da kwafinsa ta hannun sakataren ƙungiya kafin taron bayan girbi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, da waɗanda suka dawo suka rasu a cikinmu. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. Wassalam.